Sunan Yankan Inna

Damina uku ke nan ba a yi shuka a garinmu ba. Ƙauye ne ƙarami a ƙasar Bungudu, in ka wuce Nahuce ka yanki daji, kuma tun ranar da mutanen daji suka aiko cewa a tashi, muka tashi. Wasu suka yi Gusau, wasu Tsafe, wasu har yau ban san inda suka nufa ba. Ni ina Gusau wurin ɗana. Ɗakina da siminti da fanka, ba abin da na nema na rasa. Amma wani da ya ratsa ta can a kan babur ya ce mana ciyawa ta rufe maƙabarta, ba a gane kushewa daga kunyar gona. Tun da na ji wannan magana tuwo bai ƙara yi mini daɗi sosai ba. Uwata tana can, da ubana, da Kaka wadda ta rene ni, kuma babu mai zuwa ya yi musu sallama.

Da muna yara, waɗanda suka rasu ba su da nisa da mu. Maƙabarta tana bayan gari, gefen hanyar rijiya, kullum sai mun wuce ta sau biyu da tulu a ka. Duk surutunmu in mun zo daidai nan sai mu yi shiru, ba ka jin komai sai ruwa yana motsi cikin tulu. In an gama girbi maza su ɗauki fartanya su je su share kaburbura, su gyara fasassun tukwanen da ake kifawa wajen kai don a gane wuri. Mata ba sa zuwa, namu aikin a turmi yake. Ran Alhamis da la'asar ba gidan da ba ka jin daka, taɓarya tana amsa wa taɓarya daga wannan shinge zuwa wancan, ana gumbar sadaka. Kaka takan dunƙula ta a ƙwarya ta miƙo mini, ta ce, “Kai ma maƙwabta, ki ce ta Malam ta.” Malam kuwa, mijinta, ya rasu tun ubana yana yaro, amma ɗakinsa ɗakin Malam ne, tsamiyar da ya dasa tsamiyar Malam ce, in za a sayar da akuya sai Kaka ta ce Malam bai son a sayar da mai ciki, a kuma fasa. Haka muke zaune da su. Mun san abin da suke so da abin da ba sa so, mun san wanda yake da faɗa da wanda yake da dariya. Abu ɗaya ne ba mu sani ba, sunayensu.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da suke kiran mazansu da suna a waya. A wurinmu kowa suna biyu gare shi. Akwai na yanka, wanda liman yake faɗa sau ɗaya da safiyar suna, akwai kuma wanda ake kiran mutum da shi har ya mutu. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, ɗa ba ya faɗin na iyayensa. In aka sa wa jariri sunan wani babba a gida, ranar nan za a nema masa wani laƙabi, na yankan a rufe shi. Kunya ce, kuma ba mu taɓa jin ta da nauyi ba. Uwata daga wani ƙauye a ƙasar Mada aka auro ta, saboda haka duk gari Ta Mada ake ce mata. Ni kuwa Inna nake ce mata. Ta rasu ina famfarar haƙori. Abin da na riƙe nata kaɗan ne: ƙanshin man shanu a wuyanta, da tarin da take yi in tana hura wuta, da yadda take ɗaura mini zane ta ja ƙullin sau biyu.

Ba a fi wata biyu da rasuwarta ba wata 'yar koli ta shigo gidanmu, mai sayar da allura da kwalli da zare. Ina zaune gefen Kaka tana tsince kalwa. Matar ta sauke kayanta, aka gaisa, ta ce ita mutuniyar Mada ce, ta ji an ce akwai 'yar garinsu a gidan nan, tare suka yi wasa suna yara. Ta buɗe baki ta ce, “Ina nufin...” Ban ji sauran ba. Kaka ta saki faifai, kalwa ta watse, ta sa tafukanta biyu ta toshe mini kunnuwa da ƙarfi har na ji zafi. Ina ganin bakin matar yana motsi, ina ganin fuskarta ta canja da aka gaya mata, ina ganin ta dafe ƙirji, amma ba na jin komai sai wani gunji a cikin kaina da warin daddawa a hannun Kaka. Da matar ta tafi na tambaya don me. Kaka ba ta da faɗa, a hankali ta yi mini magana, shi ya sa maganar ta zauna. Ta ce, “Marainiya ba ta riƙe sunan uwa tata. In ta sani, wata rana tana kuka sai ta kira. Uwa kuwa ba ta jin ɗiyatta na kira ta ƙyale. Zuwa za ta yi ta ɗauke ki.” Kafin ni jikoki uku Kaka ta binne. Yanzu na san tsoro ne ya sa ta faɗi haka, ba karatu ba. Amma ni a lokacin na gaskata, har na daina wucewa ta gefen maƙabarta ni kaɗai, in kuma na ji manya sun fara zancen Ta Mada sai in toshe kunnuwana da kaina in fita.

Haka na girma, na yi aure, na haihu, ban tambaya ba. Ubana ya rayu har na yi 'ya'ya huɗu, kuma ko sau ɗaya ban ji ya kira ta da wani abu ba sai “uwar yarinyag ga”. Da aka kawo ajin yaƙi da jahilci garinmu, ina da goyo a baya na shiga, malamin yana rubuta mu a rajista ya ce sunan mahaifiya. Na ce Ta Mada. Ya ɗago ya dube ni, mata suka yi dariya, shi ma ya yi, ya rubuta hakan. Ban ji komai ba. A ganina akwai lokaci, akwai kuma manya, duk ranar da na so sani sai in tambaya. Ni ma da na samu ɗan fari ban taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami ina ce masa “kai”, da ya girma ya koyi tuƙi na koma ce masa Direba, har matarsa takan yi dariya.

Shi Direban ne ya tayar da maganar. Yana tuƙa wani ɗan Caina da ke aikin fasa dutse, dattijo mai shiru-shiru. Wata rana ya dawo yana cin abinci ya ce, “Mama, mutumin nan akwai abin mamaki. A ɗakinsa akwai wani ɗan allo da rubutunsu a jiki, kullum da safe sai ya kunna turare a gabansa, ya ajiye shayi a ɗan ƙoƙo. Wai sunayen kakanninsa ne. In zai yi tafiya sai ya gaya musu, in ya dawo ya gaya musu. Ya ce a hanyar da suke bi, wanda ya mutu bai fita daga gida ba, ɗaki kawai ya sake.”

Na ce, “Kada ka kuskura ka sha shayin nan.”

Ya yi dariya ya ce, “Wa zai ba ni? Ai na tsofaffi ne.” Sai ya ce, “Amma ya kunyata ni. Ya ce a garinsu akwai littafi, sunan kowa yana ciki, uba da kaka da kakan kaka, har inda ba a iya ƙirgawa. Shekara-shekara kuma sai ya koma ya share musu kabari, ko aiki ya tsaya. Ya ce in lissafa nawa. Na faɗi Baba, na faɗi kakana, na tsaya. Ya ɗaga yatsu biyu yana dubana kamar maraya.”

Na ce mu ba ma ajiye wa mamaci shayi, addu'a muke yi masa da sadaka, kuma Allah ya san kowa da sunansa. Ya ce haka ne. Muka bar zancen. Amma kwana da kwanaki ina ganin yatsun nan biyu. Na zauna na duba, duk abin da muka san mutanenmu da shi a ƙauye yake: ɗakin, da tsamiyar, da gonar, da tukunyar da ke kan kabari. Mun taho mun bar su. Wanda ya riƙe suna ya taho da nasa a baki. Ni ba abin da na taho da shi.

Ba a daɗe ba surukata ta sauka, mace. Direba ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, sannan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, “Mama, mahaifiyarki nake so in mayar. Ki gaya mini sunan, ko ki rubuta in kunya kike ji.” Mace mai jikoki, na rasa yadda zan ce wa ɗana ban san sunan uwata ba. Da na faɗa bai yi dariya ba. Ya ce wa ya sani? Muka lissafa. Dangin Inna na Mada sun watse tun kafin mu, ba mu san inda ko ɗaya yake ba. Saura mutum ɗaya, Gwaggo, ƙanwar ubana, wadda take Tsafe wurin jikanta, ta tsufa har ba ta fita tsakar gida sai an riƙe ta. Aka kira a waya, matar jikan ta kara mata a kunne, Gwaggo ta ture ta ce ita ba ta zancen waɗanda suka riga mu a cikin wannan abin. Kwana shida ya rage a yanka rago.

Da, zuwa Tsafe ba tafiya ba ce. Mata kan je da safe su sayo kaya su dawo su ɗora sanwa. Yanzu sai rana ta ɗaga ake tashi daga tasha, kuma kowa yana so la'asar ta same shi a gida. A cikin mota ba mai hira. Direban bas ba hanyar gabansa kaɗai yake duba ba, motocin da ke tahowa yake ƙirgawa da ido. In aka ɗan jima ba wadda ta wuce mu, sai ka ji ya rage gudu, kowa ya miƙe zaune, wata ta fara salati ƙasa-ƙasa. In wata mota ta ɓullo ta kunna masa fitila, sai a saki numfashi. Ni dai na riƙe carbina ina duban dawa a gefen hanya, doguwa, ba ka ganin abin da ke bayanta.

Gidan yana bakin titi, manyan motoci suna wucewa har bango yana rawa. Na sami Gwaggo a kan tabarma ta jingina da buhun masara. Ta shafa fuskata ta ce, “Ke ta, ɗiyat Ta Mada? Mi ya hiddo ki cikin wanga hali? Ko mijin kinka samu?”

Na ce, “Wa za ya kwashe ni, Gwaggo? Ke dai da kike amarya.”

“Awo, ai layi sukai a ƙohwa.”

Muka yi dariya, na ba ta goro ta ce a daka mata. Na gaya mata haihuwa, na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, “Ni da uwakki ƙawance munka yi, ba zaman dangin miji ba. Da na haihu na hwari, mace, Malam mai gidana ya ce a mai da sunanta. Wata bakwai yarinyar ta yi ta koma. Sunan ɗiyata ta hwari kika so in hwaɗi? Shekara nawa ban hwaɗe shi ba, sai yau da nika shirin tahiya?”

Na ce, “Gwaggo, in kin tafi da shi, shi ke nan ya tafi.”

Ta ɗauki carbi tana murzawa. Can ta ce, “An ce kin yi karatu. To ga abin da Malam ya ce mani ranar suna.” Daidai nan wata tirela ta taho tana ruri. Gwaggo ba haƙori, muryarta kuma ta yi ƙasa. Abin da na ji shi ne, “...ba Ma'aiki nono, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Ita ta.” Na ji sanyi har ƙafata. Wannan ai ko yaro ya sani. Na yi mata godiya, na kamo motar azahar, ina zuwa gida na yagi takarda na rubuta Halima, na ninke na ba Direba.

Kwana biyu ina cikin farin ciki. Ran na huɗu da haihuwa na kai wa mai jego kunun kanwa, na zauna ina ba ta labarin yadda muka yi da Gwaggo. Surukata yarinya ce mai ladabi, ta yi Islamiyya sosai, har tana koyar da matan unguwa. Na ga ta ajiye ludayi. Ta ce, “Mama, ki yi haƙuri. Cewa ta yi wadda ta shayar da shi, ko wadda ta fara shayar da shi?”

Na ce, “Da bambanci?”

Ta ce, “Su biyu ne. Kafin a kai shi ƙauye wurin Halima, akwai wadda ta fara ba shi nono a gari. Sunanta Suwaiba. Kuma kin ce mijin Gwaggo malami ne.”

Na yi ta juya maganar Gwaggo a kaina. Wani lokaci in ji kamar ta ce “wadda ta hwara”, wani lokaci in ji ba ta ce ba, ƙarar tirela kawai nake ji. Direba ya ce, “Mama, a bar shi Halima. Allah ya san wadda muke nufi.” Na ce, “Allah ya sani. Ni ce ban sani ba.” Ya ce jiya an tare hanyar, an kwashi mutane, ba zai bar ni in sake bin ta ba saboda suna. Ban yi masa gardama ba, ba halina ba ne. Na ce masa kawai in aka raɗa wa yarinyar nan suna, kullum na dube ta zan riƙa tambayar kaina ko uwata ce ko wata, har in mutu, kuma bayan Gwaggo ba wanda zan tambaya. Washegari shi da kansa ya kai ni tasha, ya tsaya har motar ta cika.

A ranar nan mu bakwai ne kawai a bas. Mun wuce inda abin ya faru, ga takalmi ɗaya a gefen kwalta da buhun barkono a fashe. Amma gaskiya ba hanyar ce ta fi tsorata ni ba. Na san Gwaggo ba za ta faɗa ba. Hanya ɗaya ta rage, ni in faɗa, ita ta ji. Ɗaya daga cikin sunayen nan biyu na uwata ne, kuma ban taɓa ɗora shi a harshena da sanin nata ne ba. Na san abin da Kaka ta gaya mini ba ya cikin littafi, na ji wa'azi, na yi furfura. Duk da haka maganarta tana kunnena har muka shiga Tsafe.

Gwaggo tana inda na bar ta. Ta ce, “Ke kuma? Hala goron kinka biyo.”

Na ce a'a. Na roƙi matar jikanta ta ba mu wuri. Na jira har titi ya yi shiru, na matso daf da kunnenta mai ji. Na ce, “Gwaggo, ba sai kin ce komai ba. Ni zan faɗa.”

Ta ci gaba da jan carbi.

Na ce, “Halima.”

Carbin ya ci gaba da tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ta kori ƙuda daga gwiwarta.

Na yi bisimilla a zuci, na ji muryata ta fito ƙarama kamar ba tawa ba.

“Suwaiba.”

Yatsunta suka tsaya. Tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya biyar, wadda ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango kamar wadda aka kawo ɗaki jiya. Kafaɗunta suna rawa. Na dafa bayanta, muka zauna haka har wata mota ta wuce, wata ta sake wucewa.

Daga cikin mayafin ta ce, “Ba ki da kunya, ɗiyag ga. Tashi ki tahi tun da sauran rana.”

Na tashi. Na kai bakin ƙofa ina neman takalmina, ta sake magana, har yanzu fuskarta tana bango.

“In ta yi arba'in a kawo mani ita. Ko ban kira ta ba, in gan ta.”